Buhun da Aka Rubuta wa Sunan Uba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Gozaki. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye, kuma ba su yi wa kowa laifi ba.

Manomi ne. Shi ke juya gandun mahaifinsa, Malam Awaisu, dattijon da ƙarfi ya ƙare masa. Ga masara, ga waken suya, ga auduga, asiri a rufe. To me ya rasa? Haƙuri kawai.

Ya lura 'yan ƙwadago in sun sha ƙwayar tiramol ba sa sanin gajiya, sai ya fara jefa musu a kunun safe. Noman kwana uku ya koma na yini guda, mutane na ta cewa wane akwai iya sa aiki. Daga jefawa a kunu sai sayarwa. Har ya zama shi ke kai wa wasu kaya Funtuwa a cikin masara: ya zuba rabin buhu, ya tura kwalin ƙwaya tsakiya, ya cika, ya ɗinke.

Kun san al'adarmu, amfanin gandu ba a sa masa sunan ɗa. Kowane buhu sunan maigida ake rubuta masa. Shi kuwa abin ya yi masa daɗi. A ganinsa, wa zai soke buhun tsoho mai carbi?

Wata ranar kasuwa, an gama lodi, sai ga Malam Awaisu da sandarsa. Ya ce, "Yau ni zan bi kayan. Idon nan ya dame ni, in an sauke sai in ga likita."

Jama'a, "Baba, bari sai gobe" nauyi gare ta? Ɗan bai faɗa ba. Shi da kansa ya kama hannun tsohon ya hau da shi gaban mota.

Ba su kai Funtuwa ba jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka tsare su. Aka soka ƙarfe a buhu, ƙarfe ya ƙi wucewa. Aka farke. Aka ce kayan wa? Direba ya nuna rubutu, ya nuna tsoho.

Malam Awaisu ya shafa ɗinkin bakin buhun. Shi ya koya wa ɗansa wannan ɗinki. Ya ce, "Nawa ne."

Ba a tambaye shi ko yana sha ba. An kama abu a hannunsa da sunansa a jiki, tuhuma ta hau kansa. Kotu ta tura shi gidan yari kafin a ci gaba da shari'a.

Ɗan fa? Yana zaure yana karɓar jaje! Uwarsa Hansai ta kira shi ɗaki, ta ce, "Kai ka ɗinka buhunan nan. Ka je ka faɗa musu. Ubanka ba zai iya kwanan ƙasa ba."

Ya ce, "Inna, lauya na kan magana."

Sati ya wuce, wata ya wuce, kullum gobe. Sai a wata na huɗu ya je ya miƙa kansa, ya faɗi komai. Alƙali ya wanke tsohon. Takardar sallama ta isa gidan yari, ta tarar ana yi masa wanka.

Ko jana'iza ɗan bai samu ba, yana tsare. Shekara goma aka yanke masa. Wallahi, duk na tuna tsohon nan sai zuciyata ta ƙuntata.

Ya 'yan uwa, haramun ba ta tsayawa a kan mai ita. Kai da ka ɓoye a rumbu, kai da ka cusa ƙarƙashin gadon matarka, sunan wa ka jingina? Kuma tubar gobe-gobe, wa ya ba ka goben? Shekara goma tana ƙarewa. Amma mutumin nan, wa zai je ya ce wa, "Baba, ka yafe mini"?

Allah ya jiƙan wanda aka zalunta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga abin da hannunmu zai jawo. Amin.