Jemage Bakanike da Lasifikokin Jaki

An yi wani Jemage bakanike a dajin Tsaunin Gawo, wanda ba ya buɗe inji kafin ya san ciwonsa. Idonsa ba ya son rana, kullum yana cikin baƙin tabarau, amma kunnensa sai dai a ce tubarkalla. Yakan maƙale a ƙarƙashin mota, kai ƙasa ƙafa sama, ya ce a tayar. Ya ɗan saurara, ya ce, "Filogi na uku ne." A duba, na ukun ne kuwa.

Shekara bakwai yana yi wa Jaki aiki. Jaki shi ne gwanin tseren motoci a dajin, kuma duk shekarun nan bakwai shi ke ɗaukar kofi. Ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Aibinsa ɗaya ne, yana son a ji shi. In ya taka totur, rurin motarsa har 'ya'yan kanya yake kakkaɓowa daga reshe, gogan kuwa sai washe haƙora yake.

Ana nan sai dabbobi suka yi taro. Tsuntsaye suka ce hayaƙi yana sa 'ya'yansu tari. Zabuwa ta ce duk ranar tsere sai firgita ta sa ta fasa ƙwai. Aka yanke shawara cewa daga bana motar lantarki kaɗai za ta shiga fili. Kowa caji ɗaya, zagaye ashirin, ba a ƙari a hanya.

Ranar da aka kawo sabuwar motar Jaki, Jemage ya maƙale a ƙarƙashinta kamar yadda ya saba.

"Maigida, a tayar," in ji shi.

"Ai a tashe take!" Jaki ya daka masa tsawa. "Ka ga abin da nake faɗa? Wannan mota ce ko akwatin tufafi? Ba hayaƙi, ba ruri, ba komai! Wa zai san na iso?"

Jaki ya yi ta bambami bai ko numfasa ba. Jemage ya kasa kunne yana neman gurnanin da ya sani, bai ji shi ba. Abin da ya iya a duniya ke nan, sauraro, ga shi an kawo motar da ba ta magana. Ya sauko yana tunanin inda tsohon bakanike zai nufa in aikinsa ya ƙare.

Kwana uku kafin tsere, Jaki ya shigo gareji da manyan lasifikoki huɗu, irin na gidan biki.

"Ɗaura min su a bayan mota," ya ce. "Na ɗauki rurin tsohon injina a faifai. In ba za ta yi kuka da kanta ba, sai mu ara mata."

"Maigida, waɗannan ai kaya ne," in ji Jemage. "Ga nauyi, kuma daga batirin motar za su sha wuta."

"Nawa za su sha? Ɗan kaɗan!"

"Da ɗan kaɗan ɗin ake cin tsere."

"Kai tsoho, ni za ka koya wa tsere? In ba za ka ɗaura ba, ga hanya nan. Mu ga wanda zai ɗauke ka! Motar yanzu ina ruwanta da kunnenka?"

Maganar ta soki Jemage, don abin da yake tsoro ke nan. Kuma a gaskiya shi ma yana kewar rurin nan. Ya ɗauki sifana ya ɗaura su, yana yi zuciyarsa tana hana shi. Da ya gama ya ce, "Alfarma ɗaya. In ka ga na ɗaga jan tsumma a bakin hanya, wuta ta yi ƙasa ke nan. Ka kashe su."

"To, to, na ji," in ji Jaki, hankalinsa yana wani wuri.

Ranar tsere fili ya cika. Motoci tara suka jeru shiru, sai ta Jaki kaɗai ke girgiza ƙasa. 'Yan kallo suka kaure da shewa, don su ma, duk da taron da suka yi, kunnensu ya saba da hayaniya. Zabuwa dai ta tattara 'ya'yanta ta koma can nesa tana tsaki.

A gefen Jaki akwai Gada, sabuwar direba, ba ta da yawan magana. Jaki ya leƙo ya ce, "Ke 'yar nan, taki a kunne take kuwa? Ko barci ta yi?" Gada ta gaishe shi da ladabi, ta mai da ido kan hanya.

Aka ɗaga tuta, Jaki ya fice kamar an jefa shi. Jemage yana rataye a reshen marke, yana kallo ta cikin tabaransa. Ya lura da wani abu game da Gada. Kafin kowace kwana takan ɗage ƙafa da wuri, ta bar motar ta rage gudu da kanta, kuma in an yi haka motar lantarki takan mai da 'yar wuta cikin batir. Jaki kuwa sai ya zo dab da kwana a guje, ya danna birki da ƙarfi, ya sake taka totur, yadda ya saba a zamanin fetur. Duk motar da ya wuce, sai ya ƙara murɗa lasifika don a sani.

A zagaye na sha takwas Jemage ya ɗaga jan tsumma. Jaki ya wuce bai kula ba. A na sha tara ya ɗaga da fukafukai biyu, har ya kusa faɗowa. Wannan karon Jaki ya gani. Ya dubi allon motar, ya ga wuta ta kusa ƙarewa. Da a ce ya kashe su a lokacin, da ya kai layi, don tazarar da ya ba Gada ba kaɗan ba ce.

Ya kai kofato kan makunnin. Sai ga rumfar 'yan kallo a gabansa, kowa a tsaye, ana kiran sunansa. Ya ji ba zai iya wuce su shiru kamar ɓarawo ba. Maimakon ya kashe, sai ya murɗa har ƙarshe.

A zagayen ƙarshe motar ta fara ja da ƙyar. Ta rage, ta ƙara ragewa, ta tsaya cak, saura taku goma ta kai layi. Wutar da ta rage ba ta isa juya taya ba, amma ta ishi lasifika. Ga mota a tsaye, ga ruri yana tashi kamar tana keta daji. Jaki yana ta taka totur yana jijjiga sitiyari, bakinsa yana motsi, ba mai jin abin da yake cewa.

Wani biri ne ya fara dariya, sai fili duka ya ɗauka. Ana cikin haka Gada ta zo ta gefensa ta tsallake layi, wasu ma ba su lura ba sai da aka kaɗa tuta.

Jemage bai yi dariya ba, tausayi ne ya kama shi. Ya tashi ya sauka kan motar, ya fizge wayar lasifika. Wuri ya yi tsit.

"Kai ka cuce ni!" Jaki ya fashe. "Kai ka ɗaura su! Kada in sake ganinka a garejina!"

"Ni na ɗaura, wannan laifina ne," in ji Jemage. "Na san ba daidai ba ne, tsoro ya sa na yi."

Ya juya zai tafi, bai san ina ba. A daidai nan Gada ta zo wucewa a hankali cikin motarta, za ta karɓo kofi. Cikin shirun nan Jemage ya ji wani siririn sauti, kamar kukan sauro, yana fitowa daga motarta. Ya tsaya. Ashe tana magana! Ya ƙara kasa kunne, ya ji wani abu yana ɗan gogawa a cikin sautin.

"Tsaya, 'yata," ya ce. "Tayar baya ta hagu. Noti ya kwance."

"Ni ban ji komai ba, Baba," in ji Gada.

Aka duba. Saura kaɗan notin ya fita. Gada ta dubi tsohon ta ce, "Baba, gobe da safe ina za ka?"

"Ba ko'ina."

"To garejina yana bayan rafi. Ba na yawan surutu, za ka ji abin da kake son ji."

Jemage ya cire tabarau ya goge idonsa, ya ce rana ce ta dame shi. Jaki kuwa, da igiya ya ja motarsa zuwa gida shi kaɗai, lasifikoki huɗu a kanta, ga hanyar duk hawa ce.

Darasin da ke cikin labarin nan, yara, shi ne duk ƙarfin da ka kashe don a ji ka, daga na tafiyarka ka ɗebe shi. Kuma in sabon abu ya zo, kada ka yi saurin cewa ya kashe abin da ka iya. Ka yi shiru tukuna ka saurare shi, wataƙila ya fi tsohon buƙatar ka.