Hannun Da Bai Taɓa Dutsen Ba

Mai Moussa ɗalibin tarihi ne a birnin Lyon na ƙasar Faransa, kuma girman kansa ya fi karatunsa yawa. Shekara uku yana rubutun digirin dokta a kan wani gwamnan Rumawa da ko malamai sun manta da shi. Abin da ya rage na mutumin duwatsu biyar ne, kowanne da rubutu yana cewa shi ya gina gada ko gidan wanka. Duwatsun suna ajiye a wani gidan tarihi, tafiyar minti ashirin daga ɗakinsa na unguwar Guillotière, amma bai taɓa leƙawa ba. Daga tsofaffin littattafai yake kwafa, wai shaƙar ƙura aikin lebura ne.

Sahadatou, 'yar Maraɗi mai kula da duwatsun, ta tare shi a tashar tiram, jirgin ƙasa na cikin gari.

"Yaya Moussa, ka taho ka aza hannu bisa duwatsun nan. Wurin sunan ya lotsa, kamar an kankare na wani aka sa nashi."

"Ƙanwata, ki ci gaba da shararki," in ji shi. "Rubutun digiri da kai ake yin shi."

Sai aka buɗe gurbin aikin bincike a Paris, mutum ɗaya ake so. Takardar izinin zamansa a ƙasar saura wata biyu, in ya rasa aikin sai gida. Gogan ya sha kwat, ya tsaya gaban kwamiti yana kuranta gwamnansa kamar maroƙi.

Wata tsohuwar farfesa ta ɗago kai. "Ka ga duwatsun da idonka?"

"Ba adadi, Madam."

"Da ka shafa wurin sunan, me ka ji?"

"Sumul yake."

Ta turo masa hoton da Sahadatou ta ɗauka da fitila daga gefe, wanda tuni gidan tarihin ya raba wa masana. Ga ramin nan ɓaro-ɓaro. Ashe gwanin nasa ɓarawon aikin wasu ne. Kunya ta rufe shi.

"Kuskure muna gyara shi tare," in ji farfesar. "Maƙaryaci kuwa ba mu da kujerarsa."

Ya kamata mai karatu ya gane cewa ilimi ba ya zuwa wa mai ƙyamar ƙura. Ka je ka duba da kanka, ka saurari wanda hannunsa ke cikin aikin ko da ka raina shi. In kuwa ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba.