Wanda Ya Fi Alhaji Sidi

An yi wani attajiri, Alhaji Sidi mai kamfanin shinkafa, da ya gaji da sallamar masu digiri. Sai ya kafa doka: duk mai neman aiki ya kawo wanda ya fi Alhaji girma a garin ya tsaya masa. Ka kawo wani, ka ci mutuncin Alhaji. Ka zo kai kaɗai, ka koma gida.

Lubabatu ta gama bautar ƙasa, zaman jira ya ishe ta. Ta bari sai da majalisar Alhaji ta cika da 'yan kanzagi, ta je ta durƙusa.

Alhaji ya ce, "Ina mai tsaya miki?"

"Ranka ya daɗe, na zaga garin nan har takalmina ya cinye. Kowa cewa yake babu sama da kai."

'Yan kanzagi suka ɗauka, "Wane mutum!"

Alhaji ya gyara hula. "Kin ga ke nan babu aiki."

"Ai babba kamarka ba ya kafa doka a kan abin da babu. Tunda ka ce a kawo shi, ka san shi. Faɗi sunansa a gaban jama'a in ɗauko shi. Ko Alhaji Ilu ne, mai kamfanin tsallaken titi?"

Alhaji ya zabura.

"Ilu? Ilun da na saya wa keke? Ki fara aiki ranar Litinin!"

"Wa zan ce ya tsaya mini?"

"Ni mana! Akwai wani ne?"