Shekara Ashirin a Cikin Kwano

Tabawa tana 'yar shekara ashirin ta nemi rumfar sayar da daddawa, Sarkin Kasuwa Ɗanjuma ya ce ta yi yarinya. Da ta kai sittin sai ta koma.

Ya ce, "Kin tsufa, Iya. Ki rage shekara ashirin ki dawo."

Washegari ta zo da kwano a rufe, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga 'yar gaisuwa."

Shi kuwa bai taɓa mayar da gaisuwa ba. Ya ce ya karɓa, sannan ya buɗe. Wayam.

"Mene ne wannan?"

"Shekara ashirin ɗin ce. Yanzu ni arba'in, kai casa'in."

"A ina ake zuba shekaru a kwano?"

"In ba a zubawa, a ina kake so in sauke su?"

Wakilinsa ya yi gyaran murya, yana kallon kujerar. "Ranka ya daɗe, ɗan casa'in zai iya da kasuwa kuwa?"

Ɗanjuma ya tura kwanon da sauri. "Ɗauki kayanki, Iya."

"In na ɗauka na koma sittin fa."

"Sittin ɗin ta yi. A ba ta rumfa."

Tabawa ta leƙa kwanon, ta girgiza kai. "Ranka ya daɗe, har ka taɓa? Babu biyu."