Ranar da Zinariya Ta Yi Gwame

Ku yaran zamani, hannunku ba ya zama wuri ɗaya. A ba ku ajiya, ku ce gyara za ku yi. Wa ya aike ku? Ku natsu ku karanta.

Akwai wani saurayi a unguwar Agege ta Legas, Harisu, ɗan Malam Sanda mai goro. Uban yana da tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda ya raɗa wa suna Zinariya. Ta girmi Harisu. Tayoyinta na baya a jikin ƙarfe ɗaya suke, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji a jikinta. Ba ta da daɗin zama, amma a lafta mata huhunan goro har sama, ko nishi ba ta yi.

Bayan soja sun koma bariki da shekara guda, Malam Sanda ya tashi tafiya Makka. Ya miƙa wa Harisu makulli.

"Ka riƙa ɗumama ta da safe. Ranar da muka sauka, da ita za ka ɗauko ni a filin jirgi na Ikeja. Kada ka kwance mata ko kusa ɗaya."

"To, Baba."

Jirgi bai gama tashi ba Harisu ya ɗauki Sa'adiya, yarinyar da yake nema, suka tafi yawo. Ta sauko tana dafe da ƙugu.

"Harisu, wannan mota ce ko rariya? Tun daga Ojota kake tankaɗe ni."

Maganar ta yi masa zafi. Ya je wurin wani bakanike a bakin layin dogo.

"Oga Harisu, ba wahala," in ji bakaniken. "Ina da ƙafafun bayan wata Marsandi da ta yi hatsari. Kowace taya da nata sifirin. Ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ba ruwanta. Shi ake kira indifenda, wato mai cin gashin kai."

Aka kwance ƙarfen Zinariya aka yar gefe. Na Marsandi ya ƙi shiga, aka yanka nan, aka yi walda can, har ya shiga dole.

Uwarsa Mariamu ta leƙa ƙarƙashin motar, ta ɗago.

"Ina ka kai ƙafafun motar ubanka?"

"Inna, mulkin farar hula ake yi. Tayoyin nan sun daɗe a ɗaure. Na ba kowace 'yancinta."

"Kai uban naka ya ba ka naka 'yancin?"

Ya ɗauki makulli ya fice. Gaskiya dai motar ta yi laushi, in dai daga shi sai Sa'adiya ne a ciki.

Ranar saukar alhazai ta zo. Alhaji Sanda mutum ne mai jiki, ga jarkokin zamzam, ga jakunkunan tsaraba, ga 'yan tarba da suka cika baya maƙil suna kabbara. Da aka kama hanya Alhaji ya gyara zama.

"Kai, yau Zinariya ta yi laushi."

"Addu'arka ce, Baba."

Suna hawa layin dogo na Agege sai aka ji ƙas! Walda ta saki. Tayoyin baya suka buɗe, ɗaya ta nufi gabas, ɗaya ta nufi yamma. Zinariya ta yi gwame, ta zauna daɓas da cikinta a kan dogo.

Motocin haya na danfo suka yi layi a baya suna ham. Wani kwandasta ya leƙo.

"Alhaji, sannu da zuwa! Motar ma tahiya ta zauna?"

Sai wani ya kwarma ihu, "Jirgi!" Masu kabbara suka watse, kowa ya yi ta kansa. Alhaji ya tattare sabuwar jallabiyarsa, shi da mahauta da masu burodi suka ciccibi Zinariya suka sauke ta gefe. Can jirgin ya zo ya wuce abinsa a hankali, fasinjoji suna leƙe.

Alhaji ya durƙusa ya duba ƙarƙashi. Ya daɗe. Bai yi zagi ba, don bai so ya ɓata Hajjinsa tun a hanya.

"Harisu, ina ƙafafun Zinariya?"

Aka bi sawu. Ashe bakaniken ya sayar wa wani mai walda ƙarfen, shi kuma ya ɗora katako a kai ya yi amalanke. Alhaji ya karɓo amalanken ya ajiye a ƙofar gida, ya kira ɗansa a gaban jama'a.

"Ga bayan Zinariya nan, lafiyarsa ƙalau. Inji ne kawai babu. Kai ne injin. Ba za a mayar da ƙarfen nan ba sai goron bana ya ƙare."

Haka aka yi. Kullum Harisu ya ja huhunan goro daga tasha zuwa rumfar ubansa, gumi har cikin ido. Ya gane da kafaɗarsa abin da ƙarfen nan yake ɗauka shekara da shekaru. Sa'adiya ta gamu da shi a hanya, ta rufe baki da mayafi.

"Sannu, Harisu. Yau kuma wa ake tankaɗewa?"

Goro ya ƙare, aka mayar wa Zinariya ƙafafunta. Amma sunan bai ƙare ba. Ya yi aure, ya yi furfura, in ka shiga unguwar ka ce Harisu ba wanda ya san shi. Sai ka ce Indifenda.

Darasi: Abin da aka ba ka ajiya, ajiye shi aka ce, ba a ce ka gyara ba. Kafin ka raina tsohon abu, tambayi irin nauyin da yake ɗauka. Ku tura wa duk yaron da aka bar wa makulli.