Ruwa Mai Cin Roba

Ɗiyata Tabawa tana haɗa wani ruwan sinadari mai cinye roba a hankali, kamar gara. Da Hakimi ya ji labari, sai ya kira mu.

Ya ce, "Kafin Juma'a ki narkar da duk robar bolar garin nan, ko in ƙwace filinku."

Tabawa ta durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe. Zan ƙara masa ƙarfi in feshe gari. Sai dai ba ya bambance robar bola da ta gida. Butoci, kujerunka na haya..."

"Kujeruna?"

"Har haƙoran roba, Allah ya taimake ka."

Hakimi ya toshe bakinsa da hannun riga. "Yarinya, gaggawa aikin shaiɗan ce. Ɗauki shekara!"