Sunan Da Uwa Ba Ta Kamawa

An ce a wani gari Malam Sallau ya zama wasiyyin wansa Tanimu, wanda ya rasu ya bar gida da gona. Kafin a raba gado sai an cike takardun haraji a ofis, an jera sunayen magada. Sau huɗu ana koro Sallau, yau babu hatimi, gobe mai sa hannu ya tafi suna. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Da ya tambayi matar marigayin, Kuluwa, sunayen 'ya'ya, sai ta ambaci biyar ta yi shiru. Sallau ya san akwai ɗan fari, Audi, maƙeri a wani gari, ya kuma san alkunya ce ta hana ta kama sunansa. Amma layin takardar biyar ne, na shida sai an koma ofis an karɓo wata. Ya ce a ransa abin da uwa ta faɗa shi zai rubuta.

Ya ɗauki biro ke nan, sai tsohon ɓeran da ke cikin akwatin takardun marigayin ya leƙo, gashin bakinsa na rawa don fushi. Ya ce, "Malam, ni takarda nake ci, ban taɓa cin ɗan mutum ba. Saurari labarin Jatau."

Ɓera ya ce Jatau ma wasiyyi ne, mai ganda, irin wanda zuwa ofis ke yi wa nauyi. Uwar marayu ta tsallake 'yarta ta fari, shi ma ya tsallake yana sane. Aka raba gado. Da 'yar ta zo, ƙannenta suka nuna mata takarda suka ce babu ita. A gaban alƙali Jatau ya dage cewa abin da ya ji ya rubuta. Alƙali ya harzuƙa, ya ce bari ya ba shi labarin zabuwa.

Ya ce wani manomi zai ƙone ciyawa, sai ya tambayi tsuntsaye wa ke da ƙwai a ciki. Kaza ta cika gari da kyarkyara, aka kwashe nata. Zabuwa ba ta tallar ƙwanta, sai ta yi ta kallon gindin wata sabara. Manomin ya ga inda take kallo, amma ya kyasta wuta. Alƙali ya ce, "Wa ya ƙone ƙwan, shirun zabuwa ko hannun manomi?"

Jatau ya amsa laifinsa. Amma aikin gama ya gama, domin sai da aka sa tsohuwa ta faɗi sunan 'yarta a bainar jama'a, tana kuka, kafin a gyara rabon.

Ɓera ya dubi Sallau ya ce, "Idan baki ya ji kunya, alƙalami ba shi da ita. Don me aka ba ka amanar?"

Sallau ya ji kunya ta rufe shi. Ya ce ya ji, ya yage takardar, ya koma ofis karo na biyar, aka bar shi a benci har azahar. Da ya cike sabuwa, ya je ya karanta wa Kuluwa, ya fara da sunan Audi.

Ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta share ido. Can ta ce, "Wancan kuma ban san wa ya tambaye ka ba, Malam. Allah ya yi maka albarka."